Sunan Yaya Bulus a Rajista

Kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba a Kafanchan. Ba mai tsawa da iska ba ne, na watan takwas ne, mai zuba a hankali kamar ba shi da wurin zuwa, wanda ke jiƙa gishiri a cikin roba ya hana ashana kamawa. Ina zaune a ofis, ƙamshin citta yana tasowa daga sito. Wanda ya daɗe a sana'ar nan hancinsa ya san bambancin busasshiyar citta da wadda ta fara shan danshi. Ta nan lafiya lau take. Ta Fadan Kaje ce ta kusa lalacewa mako biyu da suka wuce, kuma ni na jawo, saboda na ƙi yarda a cire sunan yayana daga cikin kwamfuta.

Ni dillaliyar citta ce. Na fara da daro ɗaya a bakin tasha, yau ina da sito uku: nan, Kagoro da Fadan Kaje. Da aikin ya yi yawa sai na gaji da saƙon baki. A ce maka an faɗa wa wane sikeli ya lalace, wane ya ce bai ji ba, mota ta kwana da kaya. Shi ya sa na yarda Malam Ishaya ya kafa mana tsari. Malam Ishaya tsohon malamin lissafi ne a Kagoro, furfura ta cika masa kai, ya bar alli ya koma gyaran kwamfuta, kuma har yau yana magana kamar akwai allo a bayansa. Abin da ya kafa kashi biyu ne. Akwai babbar rajista, inda sunan kowane ma'aikaci yake da lambarsa da wayarsa. Akwai kuma manhajar rahoto, inda mutum zai shiga ya rubuta abin da ya lalace, a buɗe masa tikiti, mai gyara ya gani ya tafi. Kowace safiya ƙarfe shida manhajar takan je rajista ta kwafo sunaye, ta san wa ya shigo, wa ya fita. Ni kuma na kafa doka da bakina: ba tikiti, ba gyara. Na taɓa mayar da kafinta daga hanya a kan wannan dokar, kowa ya ji labari.

A rajistar nan ni ce lamba ta ɗaya. Lamba ta biyu Yaya Bulus ne, wanda ya riƙe mini siton Fadan Kaje tun ranar da aka sa masa ƙofa. Ya rasu a watan biyar, kwana kaɗan bayan ya gama shuka cittarsa ya rufe ta da ganye. Matarsa Talatu ta ɗauki makullin sito da wayarsa ta ci gaba. Wata uku rahoto yana zuwa mini da sunansa: Bulus ya ce an kawo buhu, Bulus ya ce ɓera ya huda bango. Na san hannun Talatu ne. Duk da haka ina buɗewa da safe kafin in sha shayi.

Da masu sayen kayanmu suka nemi sunayen masu riƙe sito da katin shaidar kowa, sai Asabe sakatariyata ta ce dole a sa Talatu a rajista da sunanta, tare da sababbin wakilai bakwai da muka ɗauka su riƙa zagaya gonaki suna duba ciwon ganye. Na ce to, a sa ta. Ta tambayi lamba. Na ce ki ba ta ta biyu.

"Madam, ta biyu ai ta Baba Bulus ce."

"Na sani. Ki ba ta, shi ma ki bar shi."

Asabe ta dube ni, ta dubi allon, ta rubuta. Rajistar ba ta yi gardama ba.

Kwana tara bayan haka wakilan nan suka taru a ƙofar ofis da rigunan leda, ruwa na ɗiga daga gare su. Babu ko ɗaya da manhajar ta bari ya shiga, cewa take ba ta san su ba. Mun zagi netwok, mun zagi wuta, Asabe ta kashe komai ta kunna har sau uku. Daga nan na kira Malam Ishaya. Ya iso da hantsi a kan babur, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Madam, a bar netwok ya huta. Ya sha zagi a garin nan ba da haƙƙinsa ba."

Ya zauna, ya goge tabarau, ya fara bin abu ɗaya bayan ɗaya yana faɗa da ƙarfi. Ya duba ko manhajar tana iya kaiwa ga rajista. Tana kaiwa. Ya duba kalmar sirrin da take amfani da ita wajen buɗe rajistar, ko ta tsufa an kulle ta. Ba ta tsufa ba. Ya duba agogon injinan biyu, domin ya ce in ɗaya ya riga ɗaya da minti kaɗan sai su daina yarda da juna, kamar mata da miji ranar Lahadi. Agogo daidai. Ya duba ko Asabe ta sa sababbin sunayen a rukunin da manhajar ke dubawa. Asabe ta ce masa ita ba yau ta fara aiki ba. Ya ce shi ma ya ga alama, suna inda ya kamata. Sai ya ƙirƙiri sunan ƙarya a rajista, ya tura kwafin da hannu, ya naɗe hannu yana jira. Sunan bai haye ba.

"To, ba ƙofa ba ce, ba makulli ba ne. Wani abu ne ya tsaya a hanya."

Ya buɗe inda manhajar ke rubuta wa kanta abin da ya faru kowace safiya. Layi ne a kan layi, ƙanana, ya bi su da yatsa. Na ga yatsan ya tsaya. Ya koma jiya, ya koma shekaranjiya, har kwana tara, wuri ɗaya yake tsayawa. Ya cire tabarau.

"Madam, wa ya ba mutum biyu lamba ɗaya?"

Asabe ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Na ce ni ce.

Ya yi mini bayani a hankali, ba da muryar aji ba. Rajista ba ruwanta, duk abin da ka rubuta za ta riƙe. Amma manhajar da lamba take gane mutum. Ta zo ta ɗaya ta wuce, ta zo ta biyu ta ga mutum biyu, ba ta san wanda za ta ɗauka ba, sai ta kulle su duka ta tsaya nan. Duk wanda ke ƙasa da su, ba ta ko kai gare shi ba.

"Ta kulle su duka? Har Talatu?"

"Har ita. Kwana tara ba ta iya shiga, ko da sunanta ko da nasa."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa kwana tara ban ga rahoton Fadan Kaje ba. Na ɗauka komai lafiya ne. Na kira ta nan take. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta tambayi ƙafata, sai da na matsa ta ce iska ta ɗaga kwano biyu a kusurwar gabas tun ranar Talata ta wancan makon. Ta kira kafinta, ya ce ta buɗe tikiti, shi ba zai sake shan abin da ya sha ba. Ta shimfiɗa tamfol, tana jan buhuna ita kaɗai.

"Me ya hana ki kira ni, matarmu?"

"Anti, dokarki ce. Kuma ban so a ce daga ba ni makulli na fara kuka."

Na sa a loda kwano da ƙusa a mota, na aika a ɗauko kafinta ko yana cin abinci ne. Kafin in fita Malam Ishaya ya tare ni a ƙofa.

"Hanya biyu ce. Ko a ba ta sabuwar lamba, shi ya zauna a buɗe yadda yake. Ko a rufe nasa, ta gaji lambar. Ta biyun ita ce daidai, domin bai kamata sunan mamaci ya zauna a buɗe ba, kowa na iya shiga da shi. Amma injin zai yi aiki ko da wacce."

"Ta farko."

"Madam, injin nan ba ya zuwa jana'iza. Bai san abin da kike yi ba."

"Ni na sani. Sai an tono cittar da ya shuka."

Ya dube ni. Shi ma ɗan gindin dutsen Kagoro ne kamar ni, ya san al'adarmu, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya ce zai shirya komai ya jira, in na isa in kira shi ya danna.

A hanyar Fadan Kaje, kafinta yana zaune a baya, gilashi ya yi hazo, ruwa yana bin kwalta ja-ja daga gonaki. Wannan ruwan ne ya mayar da ni wata damina, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, a ƙauyenmu da ke gindin dutsen Kagoro.

Ina 'yar shekara goma sha uku, Yaya Bulus yana da sha bakwai. Ruwa ya zo da wuri a shekarar, Baba ya yi murna, ya shuka acha a tudu, dawa a gangare, citta a bayan gida. Mu muka yi ta ɗauko ganye daga daji muna rufe cittar, har wuyana ya ƙage. A watan bakwai zazzaɓi ya kama Baba. Kwana shida. An binne shi cikin ruwa, ramin yana cika ana kwashewa da ƙwarya, fasto yana karatu wani yana riƙe masa ganyen ayaba a kan Littafi.

A wurinmu noma na gayya ne. Gidaje goma sha wani abu, yau a gonar wannan, jibi a ta wancan. Shugaban gayyar shi ne Baba Didam, dogo, mai ido ɗaya, bai taɓa riƙe takarda ba. Da sassafe zai tsaya a bakin gona ya kira sunan kowane maigida, mai suna ya amsa ya shiga layinsa. Kuma akwai al'ada: wanda ya shuka ya mutu kafin girbi, ba a sauke sunansa. Za a ci gaba da kira har abin da ya shuka ya shiga rumbu, wani daga gidansa ya amsa ya ɗauki layin. Ta haka gidan bai fita daga gayya ba, ranar gonarsu na nan, kowa zai zo.

Gayyar farko bayan makoki, na bi Mama ɗauke da tulun kunu. Baba Didam ya kira sunaye, ya zo kan na Baba ya kira shi da ƙarfi kamar kullum, bai sassauta murya ba. Ina jin ruwa na ɗiga daga ganyen ɗorawa. Sai Mama ta ce, "Yana nan." Ta ɗauki garmarsa, wadda ƙotarta ta kai mata ƙirji, ta shiga tsakanin maza. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, har na ji kunyar daɗin. A ganina muddin ana kiransa, bai gama tafiya ba. Na riƙa tashi tun kafin zakara don kada in rasa wannan kiran.

Sai watan takwas ya shigo, da shi da yunwa. Dawar bara ta tafi wajen ciyar da masu gaisuwa. Mama za ta shiga rumbu da tsintsiya, ta fito da abin da bai cika tafin hannu biyu ba, ta barza, ta zuba a tukunyar da ta cika da yakuwa da gauta. Fate ne a suna. In ka ɗaga cokali kana hango gindinsa. Tsamin yakuwar yakan kashe haƙora, cikinka ya cika da ruwa, kafin ka kai bakin rafi ya sake zama fanko. Wata rana gwaza, in an samu, wadda ba ta gama nuna ba, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ƙanwarmu ta daina kuka, ta koma zama a bakin murhu tana kallon wuta, wannan ya fi kukan tayar mini da hankali.

Ruwa kuwa bai san ana yunwa ba. Sai ya yi kwana biyar, dutsen ya ɓace cikin hazo kamar an ɗauke shi. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, idanunmu kullum ja. Jinkar ɗakin Mama ta fara yoyo, wadda Baba ya ce zai gyara in ya samu sarari, muka jera kasko da ƙwarya, kowanne da irin ƙararsa. Zane ba ya bushewa, sai dai ka mayar da shi da sanyinsa. Tsakanin yatsun ƙafarmu ya tsage ya yi fari. In iska ta juyo daga Kafanchan mukan ji kukan jirgin ƙasa, siriri, daga nesa, Yaya Bulus ya ce mini a cikin jirgin nan akwai masu cin burodi yanzu haka. Na ce ƙarya ne. Ya ce wata rana zai saya mini guda, in cinye ni kaɗai, ya tsaya yana kallo.

A gayya ta uku ko ta huɗu Mama ta durƙusa a tsakiyar layi. Ba ta faɗi ba, gwiwa ce ta ƙi. Yaya Bulus ya bar kunun da yake rabawa ya karɓi garmar. Wani ya ce yaro ne, zai ɓata layi. Baba Didam ya ce layin mai shi ne, in ya ga dama ya ɓata. Daga ranar Mama ce ke amsawa, Yaya ke nomewa. Tafin hannunsa ya fashe, da yamma in shafa masa man kaɗanya yana zagina wai hannuna ya fi garmar zafi.

Ranar gonarmu ta zo, kowa ya zo. Ba mu da abin ba su. Matan zumunta na coci suka haɗo tsaki a ɓoye suka dafa a gidan maƙwabta, suka kawo a tukwanenmu don kada a gane. Kowa ya gane, kowa ya ci abinsa. Suka nome dawar, suka cire ciyawar citta, maza huɗu suka hau ɗakin Mama da sabuwar ciyawa kafin su tafi.

Acha ce ta cece mu. Tun ba ta gama nuna ba Mama ta yanko dami biyu, babu rana da za a shanya, sai ta soya ta a kasko tana juyawa, ƙamshin ya fita har hanya. Muka sussuka da ƙafa a ɗaki, muka daka, ta dafa. Ban sake cin abin da ya kai wannan ba, kuma na ci abinci a wurare. Ƙanwarmu ta ci ta yi barci da cokali a hannu.

Aka shiga kaka, aka yanke dawa, aka tono citta daga ƙarshe. Taron gayya na rufe shekara, Baba Didam ya tsaya ya fara kira. Na san abin da ke zuwa, duk da haka na riƙe numfashi. Ya zo wurin sunan Baba, ya ɗan tsaya, ya ce, "Bulus." Yaya ya amsa, muryarsa ta karye a tsakiya, maza suka yi dariya suka bubbuga masa baya. Ni na tafi bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Mama kuwa a hanyar gida har waƙar coci take yi a hankali. Na ji haushinta ranar, na daɗe ina jin haushin.

Wannan ne abin da na ɗauka na kai cikin kwamfuta. Babu sauran gayya a gidanmu, masu noma na haya ne, suna zuwa a babur da waya a aljihu. Babu mai tsayawa a bakin gona ya kira sunan Yaya. Wuri ɗaya ya rage da ake kiransa kowace safiya, kuma makullin wurin a hannuna yake.

Muka isa Fadan Kaje bayan azahar. Tun daga ƙofa hancina ya faɗa mini. Talatu ta fito da ɗankwali ɗaure a ƙugu, ta rame, hannuwanta sun yi rawaya. Ta ja buhunan da ta iya zuwa yamma, amma na ƙasan ba su jawu ba. Kafinta ya hau rufi ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. Mu biyu muka farke buhunan kusurwa muka zazzage a kan tamfol, muka zauna tsinta. Wadda fumfuna ta kama baƙi-baƙi gefe guda, wadda ta yi laushi kawai gefe guda, za a iya ceto ta in an samu iska. Asarar ba ta kai yadda na ji tsoro ba. Da an ƙara kwana uku, da wani labarin ne.

Muna tsinta na faɗa mata abin da ya faru, da abin da na yanke. Na faɗa da jin cewa kyauta nake ba ta.

"Za a ba ki sabuwar lamba. Shi kuma yana nan yadda yake, sai an tono cittarsa. Ba wanda zai taɓa shi."

Ba ta ɗago ba. Ta juya wata citta a hannu, ta jefa a tarin masu kyau.

"Wato saƙon zai dawo."

"Wane saƙo?"

Ta ciro wayar daga ƙugu, tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ta miƙo mini. Ban taɓa sanin manhajar tana aika wa masu riƙe sito saƙo kowace safiya ba. Suna nan jere, ɗaya a kan ɗaya, wata uku cur: Barka da safiya, Bulus. Ga ayyukanka na yau.

"Ƙarfe shida da minti biyu yake shigowa, Anti. Ina tashi, kafin in yi addu'a, wayar ta gaishe shi. Ni ce nake karantawa. Ni ce nake amsawa da sunansa. Direbobi ma in sun kira, sunansa suke gani, sai su ce a ba su Oga Bulus, in sake faɗa musu daga farko." Ta share hanci da bayan hannu. "Kwana taran nan da abin ya lalace, Allah ya gafarta mini, ruwa na zuba a kan kayanki amma na samu sauƙi. Wayar ta yi shiru. Shi ya sa ma ban matsa ba. Gaskiyar ke nan."

Guduma na bugawa a samanmu.

"Al'ada ce, Talatu."

"Na sani. A wurinmu ma ana yi. Amma a gona ranar gayya kawai ake kira, kuma akwai mutane a gefenka. Wannan kullum ne, ni kaɗai a ɗaki." Ta ɗan yi murmushi. "Ke kina Kafanchan kina jin kira. Ni ce mai amsawa."

Na tuna Mama da waƙarta a hanyar gida. Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da wannan haushin, ban taɓa tambayarta ba, yanzu kuma babu wanda zan tambaya.

Na fita bakin ƙofa inda waya ke kamawa. Gonarsa tana nan ƙetaren hanya, ganyen cittar ya yi kore shar, ruwa na sauka a kai. Na kira Malam Ishaya.

"Malam, ka yi ta biyun."

"Kin tabbata, Madam?"

"In aka rufe shi, ina yake zuwa?"

"Ba a gogewa. Akwai rukunin waɗanda suka bar aiki, can zan mayar da shi. Duk rahoton da ya taɓa rubutawa yana nan da sunansa."

"Su wa ke cikin rukunin?"

"Direban nan da kika kora, da mai gadin da ya gudu da batir."

"Kada ka haɗa mini shi da su."

"To. Zan buɗe masa nasa shi kaɗai."

Ina jin ƙarar maɓallai ta cikin wayar. Ya ce ya rufe, ya cire lambar wayar daga sunan, ya bar lamba ta biyu ga Talatu ita kaɗai. Ya ce yanzu zai tura kwafin da hannu, in jira. Na jira. Ruwa na bin bakin kwano yana zuba a ƙafata, ban matsa ba. Sai na ji hayaniya a bayansa, wakilan nan bakwai suna cewa ta buɗe, ta buɗe, Asabe tana ce musu su yi a hankali ba kasuwa ba ce.

"Ya wuce ta biyu, Madam. Ya kai har ƙarshe."

Na ce masa na gode, na kashe kafin ya ji muryata ta canza.

Washegari na zo ofis da wuri, na buɗe kafin in sha shayi, don hannu ya riga ya saba. Tikiti ɗaya ne daga Fadan Kaje. Talatu ta ce an gyara kwano, amma tana buƙatar tamfol biyu da mutum uku na juya citta. Na tura mata tamfol ɗin da mutum huɗu.

Yau mako biyu ke nan. Wakilai suna aiko rahoton ganye, sito ya bushe, Asabe ta daina tafiya a hankali in ta zo wucewa ta gaban teburina. Na san inda rukunin Yaya yake, Malam Ishaya ya nuna mini, suna ɗaya ne a ciki, rubutunsa ya dusashe ba kamar na masu rai ba. Sau biyu na buɗe. Ba ya aiko komai.

Cittar da Yaya ya shuka tana cikin ƙasa har yanzu, tana shan wannan ruwan, ba za ta tonu ba sai watan sha ɗaya. A gidanmu ba a taɓa sauke sunan mutum kafin girbinsa ba. Ni na fara, da wata uku a gaba, kuma da hannuna na kira aka yi.